Wanda Ya Yi Binne Bai Yi Asara Ba: Ta'aziyyar Shu'aibu Amodu Zuwa ga Mushenmu na Tamaske

Zuwa ga Mushe, malaminmu.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, da fatan kuna shan ruwa lafiya, ku da iyali da duk mutanen gida. Yaya ibada? Yaya kuma haƙurin wannan rashi da aka yi mana? Allah ya jiƙan Shu'aibu Amodu, ya gafarta masa, ya sa ya huta. Mu da ya bari, Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙanena ne ya kira ni daga Tamaske ran Lahadi bayan an tashi daga asham. Ya ce tun da rediyo ta faɗi labarin da safiyar Asabar ba wanda ya gan ku a fili. Yaran koleji sun taru da la'asar sakaliya kamar yadda suka saba ko cikin azumi, suka yi ta jiran usur har rana ta yi ja, suka watse. Ya ce da aka sha ruwa, kurɓa biyu kuka yi wa kunu kuka ture kwanon. Da hali ya yi, da na shigo mota daga nan Kano, in bi ta Maraɗi da Madawa da Buza da Keita, in zo in durƙusa gabanku in yi gaisuwar da bakina, don zumunci a ƙafa yake. Tun da halin bai yi ba, ga takarda, ku karɓe ta a madadin ƙafafuna.

Na san za a sami masu mamaki a gari. Mutum ba dangin iya ba na baba, ba Bahaushe ba, ba ma ɗan Nijar ba, ba ku taɓa gaisawa da shi hannu da hannu ba, me ya kawo wannan jimami haka? Ni ban yi mamaki ba, kuma duk wanda ya taɓa zagaya fili a ƙarƙashin usur ɗinku ba zai yi ba. Shekara ashirin da shida ke nan kuna bin sawun mutumin nan ta bakin rediyo. Mu da kanmu muka laƙaba muku sunansa, har ƙananan yara suka ɗauka shi ne na yanka. Zumunta iri-iri ce. Akwai ta jini, akwai ta maƙwabtaka, akwai ta sana'a. In babban maƙeri ya rasu a wani gari, maƙeran wani garin su ne suke fara ajiye masaba su yi shiru, don su suka san nauyin abin da hannunsa ya ɗauka. Ku ne kuka san nauyin abin da Amodu ya ɗauka. Saboda haka gaisuwar nan ba ta ɓata ƙofa ba.

Daga bakinku muka fara jin tarihinsa, amma ku bar ni in maimaita, don ambaton alherin mamaci yana sanyaya zuciyar masu rai. An haife shi a 1958, ɗan Okpella ne ta jihar Edo a kudancin Nijeriya, Musulmi mai suna irin namu. Ɗan wasan gaba ne da farko, har ya buga wa Niger Tornadoes ta Minna, sai karaya a ƙafa ta raba shi da wasa yana tsakiyar ƙuruciya. Saurayin da ya ɗora duk burinsa a kan ƙafarsa, ranar da ta karye ya ɗanɗani wata ƙaramar mutuwa. Mun ga waɗanda daga nan suka juya wa fili baya har abada. Shi kuwa ya koma bakin layi ya ɗauki usur. Abin da ƙafarsa ta kasa ƙarasawa, sai ya zuba shi a ƙafafun 'ya'yan wasu.

A Gboko duniya ta san shi. Gboko ba Legas ba ce, ba Kano ba ce, gari ne a ƙasar Tibi cikin jihar Binuwai, kuma BCC Lions ƙungiyar kamfanin siminti ce. Da ita ya ɗauki Kofin Ƙalubale na Nijeriya a 1989. A 1990 ya haura da ita gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofunan ƙasashensu, ya kayar da Club Africain ta Tunisiya a wasan ƙarshe, ya kawo kofin nahiya garin da mutane da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Shekarunsa talatin da biyu a lokacin. Kun sha gaya mana cewa tun ranar kuka ƙulla shi a zuciya, kuna cewa in Gboko ta iya, babu garin da ya yi ƙanƙanta. Wannan magana ta shiga kunnen 'ya'yan yankinmu na Adar da suka tashi tsakanin duwatsu, a ƙasar da kokawa ce sarauniyar wasanni, ƙwallo kuwa abin yara.

Daga nan ya je Maiduguri ya ci Kofin Ƙalubale da El-Kanemi Warriors. Ya koma Gboko, a 1994 ya haɗa kofin gasar ƙasa da na Ƙalubale a shekara guda. A 1996 ya kai Shooting Stars ta Ibadan wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, sai a bugun fenareti Zamalek ta Masar ta raba shi da kofin. Ya je Afirka ta Kudu ya horar da Orlando Pirates. Tun yana da shekara talatin da shida aka fara damƙa masa Super Eagles, ƙungiyar ƙasar Nijeriya, ya tsaya bakin layi a filin Wembley a watan Nuwamba na 1994, inda Ingila ta sha da ƙyar da ci ɗaya. Bayan wannan an sake kiransa, an sake, an kuma sakewa.

Amma na san ba kofunan ne suka hana ku shan kunu ba. Abin da ke cin zuciyarku shi ne ƙofofin nan biyu da ya buɗe aka hana shi shiga.

A 2001 Nijeriya ta sha kashi a hannun Saliyo, Laberiya ta George Weah tana gaba, tikitin Kofin Duniya na Koriya ta Kudu da Japan yana shirin suɓucewa. Aka sallami mai horarwa Jo Bonfrere, aka waiwayi Amodu. Wasa uku suka rage, kuma sai an ci duka. Ya ci Laberiya biyu da babu a Fatakwal, ya bi Sudan har gida ya zura mata huɗu, ya rufe da Ghana uku da babu. Ya karɓo tikitin da aka riga aka fid da rai. Da aka je gasar Afirka ta Mali a farkon 2002, Senegal ta tsayar da shi a wasan kusa da na ƙarshe, ya dawo da matsayi na uku. Aka sauke shi, aka naɗa Festus Onigbinde. Watanni kaɗan bayan haka aka buga Kofin Duniya, wanda ya share hanyar yana gida. Maki ɗaya tak ƙungiyar ta samo.

A 2008 aka sake komawa gare shi, ya kuma amsa. Wasa goma sha biyu ya buga na neman gurbin Kofin Duniya na 2010, ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Kuna tuna ranar 14 ga Nuwamba 2009, da Nijeriya ta ci Kenya uku da biyu a Nairobi, Obafemi Martins ya zura biyu, a daidai lokacin da Mozambik ta kayar da Tunisiya a Maputo. Ni ina nan Kano a ranar, na ga yadda gari ya ruɗe da murna. Wannan kuwa shi ne Kofin Duniya na farko a ƙasar Afirka. A gasar Angola ta Janairun 2010 Ghana ta tsayar da shi da ci ɗaya, ya doke Aljeriya ya sake zuwa na uku. A Fabrairu aka sake ɗauke shi daga kan ƙungiyar, aka kawo Lars Lagerbäck daga Suwidin. Aka je Afirka ta Kudu, aka sake dawowa da maki ɗaya.

Sau biyu ya haƙa rijiya har ta kawo ruwa, sau biyu aka karɓe gugar daga hannunsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Stephen Keshi, wanda ya yi masa mataimaki a tafiyar 2002, shi ya kai Togo Kofin Duniya na 2006, karo na farko a tarihinta, amma Otto Pfister na Jamus ne ya tafi da ƙungiyar. Allah da ikonsa, Keshi ya rasu ran 7 ga watan Yuni 2016 a birnin Benin, kwana uku tsakani Amodu ya bi shi a birni guda. A gidanmu ma mun ga irinta. Harouna Doula ya fitar da Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, daga rukunin da Masar take ciki, tana riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, ga Afirka ta Kudu, ga Saliyo. Ya kai Nijar gasar Afirka ta 2012, abin da ba a taɓa yi ba, har hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon mai horarwa na 2011. Wasa ɗaya aka yi da Gabon aka sha kashi biyu da babu, ragama ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis. Duk wanda ya jera waɗannan labarai, karin maganar da za ta zo bakinsa guda ce: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mushe, na san wannan karin magana ce take yi muku yawo a kai tun ran Asabar. Na kuma san ba Amodu kaɗai kuke gani a cikinta ba. Ina cikin yaran da kuka horar shekarar da muka kayar da duk makarantun da muka kara da su, muka sami gurbin zuwa Tawa. Ku kuka ɗinke ƙwallon da muka yi atisaye da ita, da zare da basilla, har ɗinki ya fi fata yawa. Ku kuka zana layin fili da toka, ku kuka sa muka tsince tsakuwa da ƙaya muka kafa itatuwan raga. Daga albashinku aka sayi takalman biyu daga cikinmu. Ana saura kwana biyu tafiya aka zo da takarda cewa wani ne zai raka mu. Muka taru muka ce in ba da ku ba babu inda za mu. Kuka tsaya gabanmu kuka ce ba don ku kuka koya mana ba, don mu ne, mu shiga mota mu je mu buga abin da muka iya. Da motar ta tashi na waiwaya na hango ku tsaye a bakin hanya, usur yana rataye a wuyanku, hannu ɗaya a sama, har ƙura ta rufe ku. Ban taɓa gaya muku na gani ba. Yau na faɗa, don ku san ba a manta ba.

Kuma wannan ita ce rayuwar mai horar da 'yan makaranta kowace shekara, ko da ba a zo da takarda ba. Yaro ya zo muku yana ɗan aji ɗaya, ƙafa kamar tsinke, bai san dama da hagu ba. Ku yi shekara huɗu kuna tanƙwara shi tun yana ɗanye. Ranar da ya nuna, ranar zai rubuta jarrabawa ya wuce Tawa ko Yamai, ko kuma ya ɗaure kayansa ya tafi biɗa Kano, Legas, Abijan ko Libiya, kamar yadda iyayensa suka yi. Ku juyo ku sami sabbin tsinkaye suna jiran ku a fili. Kusan shekara talatin kuna kai yara bakin ƙofa kuna tsayawa a waje.

To ga abin da na zo in faɗa, kuma da zuciya ɗaya nake faɗarsa. Karin maganar kura da gardi gaskiya ce a kasuwar duniya, amma ba ita ce ƙarshen lissafi ba. Gardi kuɗi ya kwashe, bai kwashe aikin ba. Hukuma tana da ikon ta ce wane ne zai hau jirgi, ba ta da ikon ta goge wanda ya ci Sudan huɗu a gidanta. Ku saurari abin da ake faɗa a kwanakin nan. A majalisun Kano, a teburin mai shayi, a gidajen kallon ƙwallo, magana ɗaya nake ji: mutumin da ya kai mu sau biyu. Ko waɗanda suka yi ta sukarsa yana raye, suna cewa wasansa ba ya ƙayatarwa, yau su ne suke ƙirga wasannin da bai faɗi ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. In wannan shaidar mutane ce, su da suke mantuwa, ina ga wanda ba ya mantuwa, wanda ke rubuta niyya tun kafin a ga aiki?

Ku dubi kuma halin mutumin. Duk wulaƙancin da ya gani, ko yaushe aka sake kiransa ya amsa. Har ranar da ya cika yana riƙe da muƙamin darakta mai kula da harkar horarwa a hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, wato yana yi wa hukumar da ta sha korarsa aiki. Wanda kujera ce ta kawo shi ba ya yin haka. Sai wanda ya ƙaunaci aikin kansa, ya san cewa yaran da ke fili ba su yi masa laifin komai ba. Wannan hali shi ne gadon da ya bari, kuma ku kuna cikin magadansa tun kafin ya rasu.

Ku dubi lokacin da Allah ya zaɓa masa. Daren Juma'a 10 ga watan Yuni 2016, wayewar Asabar, cikin goman farko na Ramadan, ya ce ƙirjinsa yana ciwo, ya kwanta, bai farka ba. Shekara hamsin da takwas. Ba jinya mai tsawo, ba wahalar da iyali. Aka kai shi Okpella aka yi masa sutura a ƙasar iyayensa. Ba mu yanke wa kowa hukunci, sanin gaibu sai Allah, amma muna kyautata zato ga bawan da aka kira cikin watan rahama. Sau biyu an rufe masa ƙofa a duniya. Muna roƙon Allah ya buɗe masa wadda babu mai iya rufewa, wadda ba a aiko wani daga wata ƙasa ya shiga a madadin mutum.

Mu mutanen Adar bai kamata wannan darasi ya zama baƙo gare mu ba. Tun daga 1984 da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a yankin Keita, iyayenmu mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu a ka cikin rana, suna jera su don tare ruwa, suna haƙa ramuka a kan fako, suna dasa itatuwa miliyoyi. Da yawa daga cikinsu sun koma ga Allah ba su zauna a inuwar abin da suka dasa ba. Wa zai ce sun yi asara? Jikokinsu ne suke kiwo da noma a wuraren da a da ko ciyawa ba ta fita. Malamai sun sanar da mu cewa ilimi mai amfani yana cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa da mutuwa. Abin da kuka koya mana kuwa ya wuce bugun ƙwallo. A filinku na koyi zuwa kan lokaci. A can na koyi miƙa wa wanda ya fi ni kusa da raga, ko da ina son a kira sunana. A can na koyi miƙa hannu ga wanda ya kayar da ni. Da waɗannan nake cin abinci yau a kasuwa, kuma su nake koya wa 'ya'yana. A cikin waɗanda suka bi ta hannunku akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan asibiti, akwai sojoji, akwai fatake. Ba a ba ku kofi a kan ko ɗaya daga cikinmu ba, amma duk inda ɗayanmu ya riƙe amana, akwai rabonku a ciki.

Ƙanena ya ce mini an fara binne a gonakin gari. Na rufe ido na ga abin kamar ina wurin: magidanci a gaba da sungumi yana sara, yara a baya suna jefa ƙwayar hatsi suna rufewa da diddige, ƙasa busasshiya, sama ko gajimare babu. Baƙon da bai san noma ba zai ce wannan mutum yana zubar da abincin iyalinsa a cikin rairayi. Manomi kuwa ya san abin da yake yi. Ya san tsuntsu zai ci wani, ɓera zai tone wani, yayyafi na iya sauka ya yaudari iri ya tsiro ya ƙone, a sake shuka. Duk da haka yana binnewa, don nasa shi ne ya sa iri a ƙasa, saukar da ruwa na Mai Sama ne. A makon da manoman Adar suke binne hatsi, a makon aka binne Shu'aibu Amodu. Kalma ɗaya Bahaushe ya ba abubuwan biyu, kuma ban ɗauka a banza ya yi haka ba. Mu masu imani ne da cewa abin da aka sa a ƙasa zai tashi, kuma kowa zai tarar da damin da ya shuka cif, ba a tauye masa ko zangarniya ɗaya ba.

Saboda haka, Mushe, ku yi kukanku, hawaye ba laifi ba ne. Ku sa shi cikin addu'a lokacin shan ruwa da cikin sujadar asham, ku yi masa sadaka da abin da ya sawwaƙa. Sa'an nan ku sha kununku. In kun ji ƙarfin jiki, ku rataya usur ku fita da la'asar. Yaran nan da suka jira har rana ta yi ja ba su san Gboko ba, ba su san Nairobi ba. Amodun da suka sani guda ne, kuma yana nan da ransa a Tamaske.

Allah ya jiƙan Shu'aibu Amodu da rahama, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba iyalinsa da mutanen Okpella haƙurin jure rashi, ya raya abin da ya bari, ya shirya masa zuriya. Muna miƙa jaje ga 'ya'yan Stephen Keshi da danginsa, Allah ya sanyaya zukatansu. Ku kuma Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku da mafificin alheri a kan abin da kuka yi mana, wanda muka gani da wanda ba mu gani ba. Allah ya ba mu damina mai albarka. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

A gaishe da Inna da yara. In Allah ya kai mu Salla ina tafe, kuma akwai sabbin ƙwallo biyu a cikin kayana.

Wassalam, daga ɗanku kuma ɗalibinku.